Zaɓen Rana, Daga Birnin Sin Zuwa Ƙasar Zamfara

Ko wane ɗan makaranta da ya tashi a Gusau, ko Tsafe, ko Bunguɗu, ya taɓa jin manya suna cewa, “A je wurin malam ya duba mana rana.” Za a ɗaura aure, ko za a kafa harsashin ɗaki, ko wani zai kama doguwar tafiya, sai ka ga an dakata har malam ya buɗe takardunsa ya ƙidaya, sa'an nan ya ce a bari sai ran kaza, da hantsi. Waɗansunku suna ɗaukan wannan abin dariya ne, waɗansu kuwa suna jin tsoronsa a ɓoye. Mu dai abin da mu ke so yau shi ne ku san asalinsa, gama al'ada ce tsohuwa ƙwarai, kuma ba mu kaɗai ke da ita ba. A duniya duka babu mutanen da suka ɗauke ta da nauyi, suka rubuta ta, suka sa mata ma'aikata da albashi, kamar mutanen Birnin Sin. Har ta kai akwai shekarar da aka sare kawunan mutum 5 a babban birninsu, ba don kome ba sai don an ce sun zaɓi mummunar sa'a.

Bari mu fara daga can, sa'an nan mu komo gida.

Cikin 1899 wani malamin Sin, sunansa Wang Yirong, ya lura da waɗansu tsofaffin ƙasusuwa da masu magani ke sayarwa, ya ga ashe akwai rubutu a jikinsu. Da aka bi sawu sai aka tarar daga wani wuri a ke tono su, kusa da garin Anyang, inda sarakunan gidan Shang suka yi fadarsu tun wajen shekara 1250 kafin haihuwar Annabi Isa. Ƙashin kafaɗar sa ne da ƙoƙon kunkuru. Bokan sarki ya kan ɗora musu wuta har su tsage, ya karanta tsagar, kana a rubuta tambayar da amsar a jikin ƙashin. Cikin tambayoyin da aka fi samu har da wadda a ke yi ko wane kwana 10, watau ko akwai masifa cikin kwana goman da ke zuwa. A kan ƙasusuwan nan ne aka ga sunayen kwanakinsu, waɗanda har yau ba su sake ba.

Ga yadda lissafin ya ke, kuma mai alli da allo ya iya gwada shi. Suna da jerin sunaye 10 da su ke kira kututturan sama, da wani jeri na 12 da su ke kira rassan ƙasa. Ko wace rana a kan ba ta suna biyu, ɗaya daga wannan jeri, ɗaya daga wancan. Na fari da na fari, na biyu da na biyu, haka har a kai na goma. A rana ta goma sha ɗaya jerin goma ya ƙare, sai ya koma farko, shi kuwa na goma sha biyu yana nan yana tafiya. Ba za su sake haɗuwa a mafari ba sai bayan kwana 60. Don haka kwanakin Sin zagaye ne na 60, kamar yadda namu ke zagayen 7. Sarakunan Shang ma da sunan kwana a ke kiransu a wurin sadakar kakanni. In kun ji wannan baƙon abu ne, to, ku tuna da Ɗanladi da Ladi, da Talatu, da Balarabe, da Lami, da Jummai, da Ɗan'asabe da ke zaune kusa da ku a aji. Daga baya aka ba rassan nan 12 dabbobi, daga ɓera da sa da damisa har zuwa kare da alade, aka ce ko wace dabba tana gaba da wadda ke daura da ita a zagayen. Wanda aka haifa cikin shekarar ɓera ba ya son ya yi babban sha'ani a ranar doki.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne na talakawa. Cikin watan Disamba na 1975, a wani wuri da a ke kira Shuihudi cikin lardin Hubei, aka buɗe kabarin wani ƙaramin ma'aikacin hukuma wanda aka binne wajen shekara 217 kafin Annabi Isa. An binne shi da littattafansa, rubutattu a kan tsagin gora fiye da 1,100. Yawancinsu dokoki ne, gama aikinsa na shari'a ne. Amma a cikinsu akwai littattafai 2 na kwanaki. Suna faɗin ranar da ta dace da aure, da ranar tafiya, da ranar yanka sabuwar riga, da halin yaron da aka haifa ran kaza, har da kamannin ɓarawon da ya yi sata ran kaza da inda zai ɓoye kayan. Ku dubi wannan mutum, alƙali ne mai riƙe da doka a hannun dama, ga kundin duba a hagu. Wanda ya san zauren waɗansu malamanmu ba zai ga baƙonsa ba.

A cikin littattafan nan akwai wata hanya da ta wanzu har yanzu. Kwanaki suna bin sunaye 12 bi da bi, ma'anarsu kuwa kamar haka: Kafawa, Kawarwa, Cika, Daidaito, Tabbata, Riƙo, Rushewa, Haɗari, Gamawa, Karɓa, Buɗewa, Rufewa. Ranar Kawarwa ta shara ce da shan magani, ranar Buɗewa ta fara ciniki ce ko shiga makaranta, ranar Rushewa kuwa ba a aure, sai dai in tsohon gini za a rushe.

To, wahalar ita ce hanyoyin sun yi yawa, kuma ba su jituwa. A cikin babban littafin tarihi na Sima Ciyan an ba da labarin Sarki Wu na gidan Han, wanda ya yi sarauta daga 141 zuwa 87 kafin Annabi Isa. Ran nan ya tara masu duba na fada, ƙungiya 7, ya ambaci wata rana, ya tambaye su ko ta yi kyau a ɗauki amarya. Ƙungiya ɗaya ta ce ta yi, wata ta ce ba ta yi ba. Wata ta ce mummuna ce ƙwarai, wata ta ce muninta kaɗan ne, wata ta ce kyanta kaɗan ne, wata ta ce babu ranar da ta fi ta. Gardama ta ƙi ƙarewa, sai da sarki ya yanke da kansa, ya ce daga yau a bi maganar ƙungiya guda, watau masu lissafi da asali biyar: itace, wuta, ƙasa, ƙarfe da ruwa. Ashe ke nan ranar ba ta zama mai kyau ba sai da sarki ya sa baki.

Kada ku zaci duk mutanen Sin sun yarda. Wani malami, Wang Cong, wanda aka haifa cikin shekara 27 bayan Annabi Isa, ya rubuta babi guda a kan wannan. A zamaninsa ana cewa wanda ya wanke kai a ranar ɓera zai sami farin jini, wanda ya wanke a ranar zomo zai yi furfura. Sai ya ce a kawo mummunar mace ta wanke kai ran ɓera a ga ko za a so ta, a kawo yarinya 'yar shekara 15 ta wanke ran zomo a ga ko za ta yi furfura. Magana ce mai kaifi, amma ba ta hana kowa duba rana ba. Shekara kusan 2,000 ke nan da ya faɗe ta.

Abin da ya bambanta Sin da sauran ƙasashe shi ne kalanda ta sarki ce. Su a wurinsu sarki ne ke tsakanin sama da ƙasa, shi ke ba mutane lokaci kamar yadda ya ke ba su doka. Ƙasar da ta karɓi kalandarsa ta yi mubaya'a ke nan. Akwai ma'aikata guda ta masana taurari a fada, aikinsu su lissafta tsayuwar wata da husufi, su kuma rubuta a ƙarƙashin ko wace rana abin da ya kamata da abin da bai kamata ba. Da aka sami dabarar buga takarda da katako sai 'yan kasuwa suka shiga buga tasu, suna riga ta sarki fitowa, har cikin 835 aka yi doka aka hana. Dokar ba ta ci ba. A kogon Dunhwang an sami wata bugaggiyar kalanda ta shekarar 877, da zanen dabbobin nan 12, tana ajiye yanzu a babban ɗakin littattafai na Landan. Cikin 1328 kuwa, zamanin da Mongol ke mulkin Sin, abin da hukuma ta buga ta sayar ya haura kofi miliyan 3 a shekara ɗaya.

A nan akwai wani abu da ya shafe mu. Cikin 1267 wani masani Musulmi, Jamaluddin, ya kai wa Sarki Kublai Khan kayan auna taurari, cikin 1271 aka kafa wa Musulmi ma'aikatarsu ta kansu a fada. Shekara ɗaruruwa ana lissafin Musulmi gefe da gefe da na Sin, ana gwada su a ga wanda ya fi dacewa da husufi. Watau ilmin falaki ɗin nan na littattafan Larabci, wanda ya keto Sahara ya zo Katsina, shi ne kuma ya bi ta gabas ya shiga fadar Sin.

Sa'an nan Turawa suka zo. Wani fada na Katolika, Bajamushe, sunansa Adam Shal, ya nuna lissafinsa ya fi na kowa daidai, sabo da haka da gidan Cing suka ci Bejin cikin 1644 sai suka ba shi shugabancin ma'aikatar taurari. Amma wanda ya karɓi wannan kujera ya karɓi zaɓen rana tare da ita, ko ya yarda da shi ko bai yarda ba. Cikin 1658 wani jariri ɗan Sarki Shunji ya rasu, ma'aikatar ta zaɓi wuri da lokacin binne shi. Cikin 1660 uwar yaron ta rasu, cikin 1661 sarkin kansa ya bi ta, agana ta kashe shi. Sai wani malami mai ƙin baƙi, Yang Gwangshiyan, ya kai ƙara cikin 1664, ya ce mummunan lokacin da aka zaɓa ne ya jawo mutuwar nan biyu. Aka yi shari'a, cikin 1665 aka yanke wa Shal hukuncin kisa, alhali yana tsoho, ga shanyewar jiki, ko magana ba ya iyawa sosai. Ana cikin haka girgizar ƙasa ta auku a Bejin. Mutanen da suka gaskata kwanaki ba su iya ƙyale irin wannan alama, sai aka sake shi, ya mutu a gida cikin 1666. Abokan aikinsa 'yan ƙasa su 5 ba su sami wannan rangwame ba, aka sare su.

Yang ya hau kujerar, ya ɗauki wani masani Musulmi, Wu Mingshuwan, ya taimake shi. Ba su daɗe ba. Saurayin sarki Kangshi ya sa aka kafa sanda a rana, aka ce kowa ya faɗi tun da wuri inda inuwarta za ta tsaya da tsakar rana. Wani fada ɗan ƙasar Beljiyam, Ferbis, ya faɗa, inuwa ta tsaya inda ya ce. Cikin 1669 aka tuɓe Yang. Ku lura da wannan da kyau. Gardamar inuwa an yanke ta cikin 'yan kwanaki, don sanda da rana ba su san kowa ba. Gardamar sa'ar jana'iza kuwa babu sandar da za a kafa a auna ta, shi ya sa aka yanke ta da takobi.

Don a rage irin wannan rikici ne Sarki Ciyanlong ya sa malamai, cikin 1739, su tattara dukan hanyoyin zaɓen rana, su zubar da waɗanda ke karo da juna. Suka gama cikin 1741, littafi mai kashi 36, sunansa Shiyeji Biyanfang Shu. Shi ne madogarar masu wannan sana'a har yanzu.

A cikin wannan shekara ta 1741 ɗin, a Alƙahira ta Masar, wani malami ɗan ƙasarmu ya rasu a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin nan. Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, watau Bakatsine. Ya yi karatu a ƙasashenmu, ya tafi aikin hajji wajen 1730, malaman Makka da na Masar suka ga zurfin saninsa na hisabi da hatimi, suka roƙe shi ya rubuta musu. Babban littafinsa, Durrul Manzum, a kan taurari ne da sa'o'insu da ɗalasimai, an kuwa buga shi a Masar daga baya. Ya kuma rubuta hanyoyin cika hatimi, irin wanda ko ta ina ka tara lambobinsa jimla ɗaya za ka samu, abin da masana lissafi na Turai ke yaba masa har yau. Mun kawo shi don ku san ilmin nan da ku ke gani a tsohon kundi mai cin gara ba ƙaramin abu ba ne a zamaninsa. Daga ƙasar Katsina aka kai shi Masar, ba daga Masar kaɗai aka kawo mana ba.

Ƙasar Katsina ta wancan zamani kuwa ta haɗa da inda mu ke. 'Yandoto, nan kusa da Tsafe, gari ne na malamai tun kafin jihadi, almajirai na zuwa daga nesa, ga shi a kan hanyar fatake. Su fataken nan da ke zuwa Gwanja sayen goro ba su kan tashi haka kawai ba. Ko wane ayari da malaminsa, madugu ba ya cewa a ɗaura kaya sai malam ya ba da rana. Mutumin da zai yi wata da watanni a hanya, ga rafuka, ga 'yan fashi, ga dukiyar mutane a kansa, ba mu ga laifinsa ba in ya nemi abin da zai kwantar masa da rai.

Me malamin ke dubawa? Da fari akwai kwanakin wata da a ke kira na nahisa, guda 7: ran 3, da 5, da 13, da 16, da 21, da 24, da 25. Sa'an nan akwai taurari 7 masu tafiya, ko wane da ranarsa. Lahadi ta Rana ce, Litinin ta Wata, Talata ta Mirrihu, Laraba ta Uɗaridu, Alhamis ta Mushtari, Jumma'a ta Zuhura, wadda mu ke kira Zara matar wata, Asabar ta Zuhalu. Mushtari da Zuhura su ne na sa'a, Zuhalu da Mirrihu na nahisa. Ba a nan ya tsaya ba, ko wace sa'a ta yini da dare ma da mai ita. Jerin ya kan fara daga Zuhalu, sai Mushtari, Mirrihu, Rana, Zuhura, Uɗaridu, Wata, a sake komowa. Sa'ar fari bayan fitowar rana ta mai ranar ce. Ku gwada da Lahadi. In Rana ta ɗauki sa'ar fari, aka zaga jerin sau 3 an ci sa'a 21, saura 3, sai ku ga sa'ar farin gobe ta faɗa kan Wata, watau Litinin. Haka za ku yi ta bi har mako ya cika. Wannan lissafi ya girmi Musulunci, daga Girkawan Masar da Rumawa ya fito, shi ya sa har Turawa ke kiran Lahadi ranar rana, Litinin ranar wata. Akwai kuma rijalul gaibi, waɗanda a ke cewa suna zaga kusurwoyin duniya bisa kwanan wata, matafiyi ba ya son ya fuskance su. Mutanen Sin ma suna da wani mai suna Tai Sui, wanda ke sake kusurwa ko wace shekara, ba a haƙa ƙasa ko a yi gini ta wajen da ya ke. Ta Larabgana kuwa, watau Larabar ƙarshe ta watan Safar, ba sai mun gaya muku ba, kun sha rubutunta.

Malaman jihadi ba su yi wa wannan da sauƙi ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Nurul Albabi, ya yi kakkausan suka ga masu da'awar sanin gaibu ta bugun ƙasa ko ta taurari, da masu camfa kwanaki. Hujjarsu a fili ta ke. Larabawan jahiliyya suna ƙin aure cikin Shawwal, ga shi kuwa cikin Shawwal aka ɗaura auren Nana A'isha, cikinsa ta tare. A Hudaibiyya, bayan an kwana ana ruwa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawata wa masu jingina ruwan sama ga tauraro. Abin da aka bar wa mai shakka shi ne istihara da shawara. An dai ruwaito yana son fita tafiya ran Alhamis, shi ya sa har yanzu za ku ga tsofaffi sun fi son ta. 'Yandoto kanta ba ta karɓi kiran Shehu ba, Muhammadu Bello ya ci ta da yaƙi wajen 1806, daga baya Malam Sambo ɗan Ashafa ya kafa Gusau, inda zuriyarsa ke riƙe da sarautar Sarkin Katsina.

Amma kada wani ya ce sun ƙi sanin taurari. Cikin 1824 Baturen nan Kyaftin Klafaton ya iso Sakkwato, ya nuna wa Sarkin Musulmi Bello taswirar sama, sai ya tarar Bello ya san buruji 12 duka, yana kiran taurari da yawa da sunayensu na Larabci. Abin da suka raba shi ne abin da sandar Kangshi ta raba: sanin tafiyar tauraro dabam, da'awar sanin abin da zai sami mutum dabam. Mu ma a nan muka tsaya, ko da ya ke mun san yawancin masu zuwa wurin malam ba su taɓa jin an raba musu biyun ba.

Na farin nan kuwa manomi ba ya iya rabuwa da shi, ga dalili. Shekarar wata kwana 354 ce, ta rana 365, bambanci kwana 11. Mutanen Sin su kan cike giɓin da ƙarin wata guda, sau 7 cikin shekara 19, don haka sabuwar shekararsu ba ta barin ƙarshen sanyi. Musulunci ya hana ƙarin wata, shi ya sa azumi ke zagawa, bana cikin bazara, bayan 'yan shekaru cikin ɗari. To, mai gero a Bunguɗu ba zai iya shuka da lissafin Rajab da Sha'aban ba. Sai malamai suka riƙe masa lissafi na biyu, na manziloli 28, bakwai bakwai ga ko wane lokaci na shekara. Ko wane tauraro kwana 13 ne, sai Jabha kaɗai mai 14. Ku buga 27 sau 13, ku ƙara 14, za ku sami 365 cif. Na damina su ne Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan. Kafin su, a ƙarshen bazara, akwai Surayya da Dabaran. Surayya ita ce Kaza da 'Ya'yanta da kakanninku ke nuna muku da dare.

Abin mamaki, Sinawa ma masaukin wata 28 gare su, su ma bakwai bakwai, sun raba su ga kusurwa 4. An sami sunayensu duka a murfin wani akwati cikin kabarin wani basarake da aka binne wajen 433 kafin Annabi Isa, wanda aka tono cikin 1978. Kazar nan tamu tana ciki, su suna ce mata Mao. Sai dai a kalandar duba sun mai da sunayen nan 28 zagayen kwanaki kawai, ana bin su bi da bi ko wata yana wurin ko ba ya nan. Lissafin noma kuwa suka ba shi wani tsari dabam, na kashi 24 bisa tafiyar rana. Namu malaman sun bar manziloli a kan aikinsu na ruwa da shuka da girbi, a ganinmu kuwa nan sun fi.

Zamani ya taɓa al'adun nan biyu kusan lokaci guda. Cikin 1912 aka tuɓe sarautar Sin, sabuwar hukuma ta ɗauki kalandar Turawa, wajen 1929 da 1930 har ta hana buga tsohuwar. Mutane suka ci gaba da saye a ɓoye, hukuma ta gaji ta ƙyale. A nan kuwa cikin 1929 ne hanyar jirgin ƙasa daga Zariya, wadda ta bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ta kai Ƙauran Namoda. Jirgi ba ya tambayar ran nawa ga wata. Mai gyaɗa ko auduga da ya ce yau 13 ce ba ya tafiya, sai ya tsaya a tasha ya ga hayaƙi. Haka makaranta, haka ranar jarrabawa, haka ranar albashi. Kasuwa ma tun da can ba ta jira, Talatar Mafara ran Talata ta ke ci, ko Mirrihu ya so ko ya ƙi. Da haka zaɓen rana ya janye daga sha'anin fatauci da aiki, ya koma inda mutum ke da ikon sa rana da kansa, watau aure, da tarewa a sabon gida, da kafa gini.

Can ma a nan ya fi zama. A Hon Kon ana buga kundin kwanakin ko wace shekara, mai kauri, da jan bango, iyayen ango da na amarya suna buɗe shi kafin su sa rana. Asalin sunansa Tungshu, watau littafin kome da kome. Amma a bakin mutanen kudu kalmar littafi ta yi kama da kalmar faɗuwa a caca, sabo da haka suka sake masa suna, suna ce masa Tung Shing, mai nasara a kome, kamar dai yadda tsohuwa ba ta kiran maciji da sunansa da dare, sai ta ce igiyar ƙasa. Da Bejin ta karɓi wasannin Olimfik kuwa, hukumar da ba ta yarda da duba ba ita ce ta buɗe bikin ran 8 ga wata na 8 na 2008, da ƙarfe 8 na dare, gama a harshensu takwas ta yi kama da kalmar arziki.